Littafin koyon aiki: kula da tsofaffi gida-gida a Leicester

Litinin, 7 Oktoba 2024

Takardar DBS ta iso ranar Juma'a. Bincike ne da ake yi don a tabbatar mutum ba shi da tarihin laifin da zai hana a bar shi da yaro ko babba mai rauni, kuma kamfaninmu ba ya tura kowa gidan mutane sai ta fito. Su suka biya kuɗinta. Yau na sa hannu a yarjejeniyar koyon aikin kula da manya, mataki na 2, tsakanina da kamfani da cibiyar horarwa.

Tsarin shi ne aƙalla wata 12 ina aiki ana biyana, sannan awa 6 a kowane mako na karatu ne, kuma cikin lokacin aiki ake cire su, ba cikin hutuna ba. A ƙarshe akwai jarrabawa kashi biyu, ta kwamfuta wadda ake ba ka yanayi a ce me za ka yi, da ta baka gaban mai tantancewa daga waje. Kuɗin makaranta ban biya ko kwabo ba.

Doka ta yarda a biya mai koyon aiki fam 6.40 a awa a shekararsa ta farko. Na ce musu da wannan kam gara in zauna a gida. Suka ce za su ba ni fam 11.44, mafi ƙarancin albashin wanda ya kai shekara 21. Kada a ɗauka kirki ne ya yi musu yawa, ma'aikatan ne babu. Alƙaluman Skills for Care, ƙungiyar da ke bibiyar ma'aikatan wannan fanni, sun nuna gurabe kusan 131,000 na wannan aiki babu kowa a kansu a Ingila a 2023/24.

Kashe kuɗi: takalmi rufaffe marar santsi fam 28, agogon maƙalawa a riga fam 6.

Juma'a, 11 Oktoba

Mako guda a aji. Wanke hannu, safar hannu da rigar leda, gobara, tsaftar abinci, danna ƙirjin mutum-mutumin roba. Wanda ya zauna mini a rai shi ne injin ɗaga marar lafiya. Malamar ta ce ba mai ɗaga wani sai an ɗaga shi tukuna. Aka naɗe ni a wani ƙyalle kamar majanyin goyo, aka danna, ƙafafuna suka bar ƙasa, ina reto a sama, mutum biyu suna hirar ƙwallo a kaina ba wanda ya ko dube ni. Da gangan suka yi. Da aka sauke ni ta ce yaya na ji, na ce raina ya ɓaci. Ta ce to madalla.

Injin sai mutum biyu a kamfaninmu, kuma kafin a taɓa shi a duba tambarin da ke jikinsa, don duk wata shida ake gwada lafiyarsa.

Akwai ƙa'idar cewa daga gwiwar hannu zuwa yatsu babu riga, babu agogo, babu awarwaro yayin aikin jiki. Na yi wa manaja magana. Mun daidaita: ƙaramin hijabi da ake cusawa cikin riga, doguwar rigar sanyi a hanya, in na shiga gidan mace in cire, a gidan namiji kuma in sa hannun riga na leda wanda ake yarwa. Wankan maza ta ce za ta rage mini iya iyawarta amma ba ta yi alkawari ba. Na fi son wannan amsar da alkawarin da ba za a cika ba.

An ba mu littafin Care Certificate, darussa 15 da ake so sabon ma'aikaci ya gama cikin mako 12. Tun 2015 aka fara shi, bayan abin kunyar rashin kula da marasa lafiya da ya faru a asibitin Stafford da rahoton da Camilla Cavendish ta rubuta a 2013, wanda ya nuna ana tura mutane kula da tsofaffi babu wani horo na bai-ɗaya.

Laraba, 16 Oktoba

Na fara bin wata tsohuwar hannu, 'yar Zimbabwe, shekarunta da yawa a aikin. Ba a yarda mu faɗi sunan kowa ba, don haka laƙabi zan riƙa sawa.

Kowane gida akwai ƙaramin akwati a bango mai lambobi, makulli na ciki. Ko da makulli a hannunki sai kin ƙwanƙwasa kin ɗaga murya kin faɗi ko wace ce. Kina shiga ki danna waya, lokaci ya fara tafiya. Yawancin ziyara minti 30 ce: tashi daga gado, bayi, wanka ko shafe jiki, sa kaya, karin kumallo, magani, rubuta rahoto. Abokiyar aikina tana yi tana hira, hannunta bai taɓa tsayawa ba. Ni kuwa neman inda ake ajiye cokali kaɗai ya ci mini minti uku.

Mutum uku ne za su zama nawa na kullum. Mai Kyanwa, Baturiya, ta haura tamanin, ita kaɗai a gida, ɗanta yana Glasgow. Direba, mutumin Jamaika, ya tuƙa bas a garin nan har ya yi ritaya, ga ciwon suga ga shanyewar ɓarin jiki. Sai wadda iyalinta ke kira Ba, mu ma haka muke kiranta, Ba'indiya daga cikin waɗanda Idi Amin ya kora daga Uganda a 1972, da yawansu a nan Leicester suka sauka. Ciwon mantuwa ya kwashe mata Turanci, ya bar mata Gujarati. Da ta gan ni sai ta kama yi mini Suwahili tana murna. Ban ji ko kalma ba, amma ta yarda na wanke mata ƙafa, abin da aka ce ta kwana biyu tana ƙi.

Lahadi, 20 Oktoba

Na yi waya da Inna a Zariya. Ta ce, "Ke 'yar nan, duk karatun naki a kwasar kashin Turawa zai ƙare? Ina 'ya'yansu?" Na ce Inna, suna nan, aiki suke, wasu garinsu da nisa. Ta ce Allah ya kiyashe mu da wannan zamani. Na ce amin, na yi shiru.

Abin da ban faɗa ba shi ne lokacin jinyar Kaka. Ana cewa mu muna riƙe tsofaffinmu, kuma gaskiya ne, amma in an bi diddigi mace ɗaya ce a gidan take riƙewa. Matar Kawu ce ta yi ta ɗaga Kaka ita kaɗai, ba inji, ba hutu, ba wanda ya tambaye ta bayanta. Har yau da ƙyar take ruku'u.

Alhamis, 31 Oktoba

Bikin Diwali, an rufe titin Belgrave, bas ta canza hanya, na isa gidan Ba a makare. Surukarta ta cika mini leda da kayan zaƙi. Kyauta sai an sanar da ofis, na sanar, aka rubuta, muka cinye a ofis ɗin. Tun ranar Lahadi da aka mayar da agogo baya, biyar na yamma duhu ne.

Litinin, 11 Nuwamba

Na fara zagaye ni kaɗai. Lafiya lau.

Asabar, 30 Nuwamba

Takardar albashi ta zo, ido ya raina fata. Ranar da na fita shida da kwata na safe na dawo biyu na rana, awa huɗu da rabi aka biya. Lokacin da nake cikin gidan mutum kaɗai ake lissafawa. Tafiya tsakanin gida da gida, jiran bas a cikin ruwan sama, duk sadaka ce. Jadawalin kansa abin kallo ne: ziyara ta ƙare 8:30 a wannan unguwa, ta gaba ta fara 8:30 a wata unguwar. Ko dai ki gutsuri lokacin wannan, ko ki makara wa wancan.

Na san doka ta ce tafiya tsakanin gidajen aiki lokacin aiki ne wajen lissafin mafi ƙarancin albashi, ban da fitowa daga gidanka da komawa. Na buga wa Acas, masu ba da shawara kyauta kan haƙƙin ma'aikata. Matar ta saurare ni tsaf, sannan ta tambaya ko a shekarar farko ta koyon aiki nake. Na ce e. Ta ce to ma'aunina fam 6.40 ne, ba 11.44 ba. In aka raba abin da na samu da dukkan awannin, har da na hanya, muddin bai faɗi ƙasa da 6.40 ba, a doka ba a ci mini komai ba. Na lissafa, bai faɗi ba. Wato abin da aka ba ni da hannun dama ranar sa hannu, hanya ta karɓe kusan rabinsa da na hagu.

Duk da haka na je wurin mai tsara jadawali da takardar lissafina. Ba faɗa na je ba. Ta nuna mini allonta, duk ja, mutum biyu ba su da lafiya, ɗaya ta bar aiki. Ta ce ƙaramar hukuma, wadda ke biyan kamfani kuɗin ziyara, minti take saye, su ma minti suke sayarwa. Ta dai tattara mini gidajena a unguwanni biyu da ke kusa da juna daga mako mai zuwa. Mafita ta gaskiya mota ce. Lasisina na Najeriya ya daina aiki tun bayan shekarata ta farko a ƙasar, kuma ba ya cikin waɗanda ake musanyawa. Na nemi na koyo, fam 34.

Laraba, 4 Disamba

Direba yana son shayi da suga cokali uku. Na tuna masa ciwonsa. Ya ce, "Yarinya, na san ciwon nan tun ba a haife ki ba. Uku." Na zuba uku, na rubuta. Da yamma 'yarsa ta karanta rahoton ta kira ofis tana faɗa.

Shugabarmu ta zaunar da ni, ba don laifi ba, don darasin makon ya zo daidai. Dokar 2005 kan ikon yanke wa kai shawara ta tsaya a kan abu biyar, uku na farko su suka shafe mu a nan. Ana ɗaukar kowa yana da hankalin yanke shawararsa sai an tabbatar da akasin haka. Dole a ba shi duk taimakon da zai yiwu kafin a ce ba zai iya ba. Kuma don mutum ya zaɓi abin da kowa ke ganin wauta ne, wannan bai sa a ce ba shi da hankali ba. Direba ya san abin da suga ke yi masa, yana iya maimaita miki, ya auna ya zaɓa. Gidansa ne, kofinsa ne.

A gida Najeriya da ɓoye gwangwanin sugan za mu yi, mu ce ya ƙare, kuma mu kira shi ƙauna. Na daɗe ina juya abin. Mutumin da ya yi shekaru yana riƙe da rayukan fasinjoji, yau ba ya iya ɗaura maɓallin rigarsa, abin da ya rage a hannunsa kaɗan ne ƙwarai. Ban ga dalilin ƙwace cokalin ba.

Amma akwai inda nake da ja. Na bi rahotannin baya na gidansa, na ga "ya ƙi wanka", "ya ƙi wanka", jere. Rubuta "ya ƙi" daƙiƙa biyar ne. Gano abin da ya sa ya ƙi, minti ashirin ne, kuma ba mai su. Na tambaye shi ina shafa masa mai a ƙafa, ya ce banɗakin sanyi ne da shi da safe, kuma ba ya son a tuɓe shi gaba ɗaya lokaci guda. Shi ke nan fa. Yanzu ina shiga nake kunna hita in rufe ƙofa, in yi shayi da magani tukuna, sannan wanka rabi-rabi da tawul a kafaɗa. Sharaɗi na uku kowa ya haddace shi don yana rage aiki. Na biyun, mai cewa a yi iya ƙoƙari, shi ne agogo ke cinyewa.

Talata, 10 Disamba

Azahar, la'asar da magariba duk sun matse tsakanin sha biyu da huɗu. Ɗakin karatu na unguwa da kicin ɗin surukar Ba sun rufa mini asiri.

Alhamis, 12 Disamba

Gidan Mai Kyanwa ma'aunin zafi ya nuna 13. Shawarar hukumomin lafiya ita ce kada ɗaki ya gaza 18. Tana zaune da kwat da hula, kyanwar a cinyarta. Na ce in kunna? Ta ce a'a, ba ta jin sanyi. Hannunta kuwa ƙanƙara.

Ban rubuta "ta ƙi" na wuce ba. Ina dama mata kunun hatsinta na safe na ja ta da hira, har ta faɗa. Kuɗin ɗumama gida na hunturu da gwamnati ta saba ba tsofaffi, fam 200 ko 300, bana an taƙaita shi ga masu karɓar tallafin Pension Credit na 'yan fansho masu ƙaramin ƙarfi da makamantansu. Nata bai zo ba, sai tsoro ya kama ta. Ba huruminmu ba ne taɓa takardun kuɗin mutum, don haka na sanar da ofis, ofis ya kira ɗanta. Wa'adin neman tallafin don a samu kuɗin bana 21 ga wata ne. Ya ce zai cike mata da taimakon Age UK, ƙungiyar agajin tsofaffi, kuma shi zai biya wutar watan nan. Sai da ta ji daga bakinsa ta bari na kunna, shi ma ɗaki ɗaya.

Na wuce lokaci da kwata. Ba za a biya ba.

Laraba, 25 Disamba

Na karɓi aikin Kirsimeti don abokan aiki su huta, su ma sun ce za su riƙe mini ranar Sallah. Babu bas, maigida ne ya yi ta kai ni.

Litinin, 6 Janairu 2025

Ambaliya. Kogin Soar ya cika ya batse, hukumar kashe gobara ta ayyana babban lamari a yankin, hanyoyi da yawa a rufe. Ofis ya jera mutane: masu maganin da ba ya jira, irin na cutar Parkinson da suga, da waɗanda ba su da kowa, su ne farko. Masu iyali a gida aka kira aka ba su haƙuri. Ƙari a kan haka, kuɗin bas ya tashi daga fam 2 zuwa 3 tun farkon wata. Na koma tikitin mako.

Talata, 14 Janairu

Na yi sallama gidan Mai Kyanwa, shiru. Na same ta a ƙasa tsakanin gado da ƙofa, idonta biyu, ba ta san tun yaushe take wurin ba. Abin wuyan da za ta danna a kawo ɗauki yana rataye a jikin gado.

Abu na farko da jiki ke so shi ne a ɗaga ta. An hana, kuma da dalili: in ƙashin ƙugu ya karye, ɗagawa na iya ƙara ɓarna, kuma ke ma ki tafi da bayanki. Ƙafarta ɗaya ta juya waje, tana kuka in ta motsa. Na kira lambar gaggawa ta 999, na amsa tambayoyinsu, na kira ofis suka raba sauran gidajena. Na rufe ta da barguna, na tura matashi ƙarƙashin kanta, na kunna hita ban tambayi kowa ba. An ce kada ta ci kada ta sha. Motar asibiti ta ɗauki fiye da awa uku. A ƙasa na zauna kusa da ita. Tana ta kirana da sunan wata ƙanwarta, abin da ba ta taɓa yi ba, na gaya wa ma'aikatan motar haka, na ba su takardar magungunanta.

Daga baya ɗanta ya sanar da ofis: ƙugu ya karye, kuma akwai cutar mafitsara, wadda a jikin tsoho takan zo da ruɗewa kafin komai. Na koma kan rahotannin makon. Kwana biyu kafin faɗuwar wata ta rubuta "ba ta sha shayinta ba", wata ta rubuta "ta ɗan rikice". Kowa ya rubuta gaskiya, ba wanda ya sami lokacin karanta na wani. Na kawo maganar a taron ma'aikata. An ce za a sa manhajar wayar da muke aiki da ita ta riƙa nuna rahoto uku na baya da zarar an shiga gida. Muna jira mu gani.

Awannin jiran an biya su, bayan na cike takardar aukuwar lamari.

Juma'a, 31 Janairu

Care Certificate ya kammala, a makare, don mai duba aikina sai da ta ɗage zuwa saboda ƙarancin ma'aikata. A gidan Ba ta kalle ni, da izinin iyalin. Gyaran da ta yi mini: in riƙa faɗa wa Ba abin da zan yi kafin in taɓa ta ko da ba ta jin yaren, kuma in nuna mata riga biyu ta zaɓa.

Alhamis, 13 Fabrairu

Gwamnati ta sanar a makon nan cewa wanda ya fara koyon aiki yana da shekara 19 ko fiye, ba dole sai ya ci jarrabawar Turanci da lissafi kafin ya kammala ba, ya rage tsakaninsa da mai aikinsa. Manaja ta ce in ina so a cire mini. Na ce a bar mini lissafin. Kyauta ne yanzu, kuma in na nemi karatun nas nan gaba za a tambaya.

Na yi kashin farko na horon Oliver McGowan kan masu galahanga da masu naƙasar koyo. Yaro ne ɗan shekara 18 da ya rasu a 2016 bayan an ba shi maganin da shi da iyayensa suka ce kada a ba shi. Mahaifiyarsa ce ta yi ta fafutuka har horon ya zama doka a 2022.

Jarrabawar tuƙi ta rubutu fam 23, na ci. Darasi fam 38 a awa, ɗaya a mako nake iyawa. Ta hanya fam 62 ce, amma layin watanni ne.

Litinin, 10 Maris

Azumi. Ziyarar abincin yamma ta faɗo daidai shan ruwa, dabino a aljihu, gorar ruwa a jaka. Direba ya lura, yanzu shi ke duba agogo ya ce in zauna in sha, ƙwan nasa zai jira. Ya rage suga zuwa biyu da kansa, bayan nas mai zagaya gidaje ta nuna masa sakamakon jininsa. Ban ce uffan ba.

Asabar, 15 Maris

Saƙonni daga gida sun yi yawa: "Anti, don Allah a samo mini hanyar aikin nan." Wani ɗan ƙanwar maigida har an ce ya kawo miliyoyi a ba shi takardar ɗaukar nauyi. Na ce kada ya ba kowa sisi. Takardar ba ta sayarwa ba ce, kamfanin da ya ɗauke ka shi ke biya. A makon nan ma gwamnati ta ce ta soke lasisin kamfanonin kula fiye da 470 tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024, abin ya shafi ma'aikata sama da 39,000, da yawa sun ci bashi sun zo sun tarar babu aikin. Tun 11 Maris 2024 kuma mai wannan biza ba ya zuwa da mata ko 'ya'ya. Shi koyon aiki irin nawa, galibi sai wanda ya shekara uku yana zaune a ƙasar. Yaron ya ji haushina, uwarsa ma haka.

Laraba, 26 Maris

Mai Kyanwa ba za ta dawo gida ba, gidan kula da tsofaffi za a kai ta kusa da ɗanta. Lokacin da muke zuwa mata, ba a lissafa gidanta cikin dukiyarta. Wanda ya koma gidan kula dindindin kuwa, in ba wanda ya rage a gidan, ana lissafawa, kuma a Ingila mai abin da ya haura fam 23,250 shi ke biya wa kansa. Ɗan ya ce sayarwa za su yi. Maƙwabciya ta ɗauki kyanwar. An cike gurbin 7:30 da wani sabon mutum tun kafin in ji labarin.

Litinin, 7 Afrilu

An riƙe mini ranar Sallah kamar yadda aka yi alkawari. Albashi ya koma fam 12.21 daga farkon wata. Zaman bita da malamata: rabin darussan diflomar koyon aikin sun shiga, saura na magunguna, na kare manya daga cutarwa, da na kula da mai jinyar ajali, wanda na roƙa a haɗa ni da tsohuwar hannu kafin a tura ni irin wannan gida. Jarrabawar lissafi a watan Mayu. Gwajin tuƙi na samu gurbi a Agusta, ina duba ko wani zai fasa in matso. Na kuma rubuta wa ofis a nemi ƙaramar hukuma ta sake auna ziyarar safe ta Direba daga minti 30 zuwa 45, na haɗa da lokutan shiga da fita na wata biyu daga manhaja. Shugabarmu ta sa hannu ta tura ranar Juma'a.